Takardun da Na Tsince a Shagon Taliya

Zuwa ga Yaya Guoliang,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar Inna? Mu nan Hangzhou alhamdulillahi, sai dai danshin garin yana taɓa mini yatsu wajen murza taliya, amma da sauƙi.

Na ga saƙonka cewa kana so 'yata Lanying ta bar jami'a ta koma gida Wuzhong ta riƙe maka kanti, tunda rubuta waƙa da take yi ba ya ciyar da kowa. Yaya, ka gafarce ni, ba za ta koma ba.

Ka san tun muna karatu a masallaci ba na iya barin rubutacciyar takarda a ƙasa. Idan ta zo taya ni aiki ina tsince takardun oda, takan yi dariya: “Mama, ba aya ba ce fa, taliya kwano biyu ce!” Jiya na juya bayansu, sai ga baitocinta, duk a kan marigayi babanta. Har tarinsa na safe ta rubuta, wanda ni na manta.

Na ɗinke su wuri guda. Don Allah a aiko mini da man zafi, domin na ƙara aikin yamma har ta gama karatunta. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Guifang