Baba Ba Ya Cikin Bututun

Assalamu alaikum Anti Dela. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, sati uku ke nan ina ɗauke da abu a ƙirji, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni haifaffiyar Jidda ce, haka ma mijina Zaharadden. 'Yarmu ɗaya, Lujain, shekararta bakwai, kuma tun da aka haife ta ba ta ji. Ubanta mai haɗa kayan sauti ne a motoci. Tana shekara huɗu ya lura duk sanda ya kunna wufa, wato babbar sifikar nan mai girgiza mota, sai ta manna tafin hannu a jikin ƙofa tana dariya. Shi ne ya samo ƙaton bututun ruwa mai kauri, tsayinsa ya kai kafaɗarta, ya toshe ƙasan da katako, ya ɗaura sifika a sama. Ya ce da gangan ya yi shi zagayayye, don ta iya rungumewa. Sai ya buga tebur da hannu a gaban makirfo, bugu uku da ɗan tsayawa, ya koya mata cewa sunanta ke nan. Da ƙirjinta take jin sa.

Da aka rushe unguwarmu Karantina muka kwashe abin da za mu iya. Na bar tukwanena, amma bututun nan a kan cinyata ya zauna cikin mota. Wata bakwai bayan haka iƙamar mijina, wato takardar izinin zama, ta ƙare, kafili, ubangidan da ya tsaya masa, bai sabunta ba, aka kama shi a hanyar aiki, halas, shi ke nan aka tura shi Kano, garin da bai taɓa takawa ba. Kullum da safe yana turo saƙon murya, ba magana a ciki, bugun tebur ne kawai. In kunna mata, ta rungume bututu, ta rufe ido, sannan ta yarda ta karya kumallo.

To ga inda na jawo wa kaina. Amfilifayar da ke ba sifikar ƙarfi bai taɓa ɗaura ta a jikin bututun ba. A saman kabad take, da doguwar waya tana jan ƙasa. Ɗakinmu na yanzu ɗan mitsitsi ne, sau biyu wayar tana harɗe ni, na biyun da kofin shayi a hannuna. Raina ya ɓaci, na ce wannan ai aikin da bai ƙarasa ba ne. Na kira ƙanena Saif, direba ne a unguwar Abhur, na ce ya zo ranar hutunsa ya manne mini ita a jikin abin kowa ya huta. Sai da ya ce bai san aikin ba. Na ce yalla, sukuru huɗu ne fa, ba gini na ce ya yi ba.

Ya huda. Bayan amfilifaya shafaffe ne, jikin bututu kuwa a lanƙwashe, sai ta ƙi zama, tana ta rawa. Ya ƙara ɗaurewa da ƙarfi, muka ji ƙas. Bututun ya tsage kusan taƙi guda. Yanzu in an kunna sai iska ta riƙa fita tana huci, ƙarfe na kaɗawa.

Washegari Lujain ta rungume shi kamar kullum. Ta ɗan jima, ta sake, ta kuma runguma. Sai ta dube ni, ta shafa haɓarta, alamar da take kiran ubanta da ita, ta nuna bututun, ta girgiza kai. Wai Baba ba ya ciki. Anti, tun ranar ba ta ƙara kusantarsa ba, abincin ma sai da lallashi.

Na gaya wa Saif maganganun da ba zan iya rubutawa ba, har na ce ya kashe wa yarinya uba. Ya sa takalminsa ya fita, bai kuma dawo ba. Shi kuma mijina kullum yana turowa, yana tambaya ko ta ji, ni kuma ina cewa ta ji har ta yi dariya. Wallahi ina jin kunyar kaina. Amma ta yaya zan gaya wa mutumin da ba abin da ya rage masa sai wannan bugun tebur? Abin yana gyaruwa kuwa? Ko in ci gaba da yin shiru?

Uwar yarinya, Jidda

*

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sanyaya miki. Share hawayenki, abin yana gyaruwa.

Na kai wasiƙarki wurin wani mai wannan sana'a. Ya ce a fara kwance amfilifayar. A huda ɗan ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a cike ta da ramukan duka da gam mai ƙarfi irin na masu gyaran famfo, a liƙa yankin bututu daga ciki, a bar shi kwana biyu ya bushe. Iska ce ke tserewa, shi ya sa bugun ya rasa nauyi. Ya ce ba a ɗaura abu shafaffe kai tsaye a kan zagayayye. Ana yanka katako biyu da lanƙwasa daidai jikin bututun, a ɗora allo a kansu, a sa roba a tsakani, a ɗaure da maɗauri ba tare da huda ba.

Amma ya ƙara wata magana da nake so ki ji da kyau. Amfilifaya tana zafi, kuma tana da wuta. Ya ce shi ba zai taɓa ɗaura ta a inda yarinya ke kwantar da kumatu ba. Ina zaton mijinki ya gama aikinsa, nesa da ita ya ajiye abin da gangan. Ki kafe ta a bango, a bi da wayar ta gefen ɗaki.

Ban ga laifin mace mai fama ita kaɗai a ɗaki guda don ta gaji da harɗewa ba. Sai dai Saif ya gaya miki bai iya ba, ke kika matsa. Shi ma ya yi kuskure da ya ci gaba da ɗaurewa, amma kalmar da kika jefa masa ta fi laifinsa nauyi. Ki kira shi yau ki ba shi haƙuri, ba sai ya fara ba.

Shirun nan kuma ki daina shi. Na san tausayi ne ya sa, amma kowace safiya kina barin bawan Allah yana kiran 'yarsa ba ta amsawa, shi bai sani ba. Zai ji zafi, zai kuma iya yin fushi, ki jure. Ba wanda ya san cikin bututun nan kamarsa. Ki kira shi ta bidiyo, Saif ya riƙe kayan aiki, mijinki ya riƙa nuna masa, Lujain kuma ta zauna tana kallo. In ta ga ubanta ne ke gyarawa, za ta yarda ta sake runguma. An riga an raba shi da gidansa, kada ke kuma ki raba shi da matsalar gidan.

Allah ya ba Lujain lafiya, ya shirya ki da ɗan'uwanki, ya sake tara ku a ɗaki ɗaya.

Anti Dela