Kwalbar Auna Ruwa Ta Mayar Da Ni Boka

Malam mai filin shawara, ka taimake ni, farin ciki na neman jawo mini asara.

Ni tsoho ne a wani ƙauye kusa da Ɗanzomo. Sai da furfura ta cinye gemuna na shiga ajin yaƙi da jahilci, ga shi yau da hannuna nake rubuto maka. Jikata Safara'u tana aji huɗu a firamare. Kullum bayan la'asar mukan bi hanyar gona tare, ni in gaya mata sunan itace da maganin da yake yi, ita ta karanta mini abin da littafinsu ya ce. Inda muka saɓa sai gardama har gida. Ita ta nuna mini kaska ƙafarta takwas, ni da na shekara hamsin ina cire ta a jikin shanu ban taɓa dubawa ba. Wallahi ban taɓa jin daɗin duniya kamar yanzu ba.

Bara malaminsu ya koya musu auna ruwan sama, muka kafa kwalba da mazurari a kan turke bayan gida. Da yake hannuna na da nauyi wajen rubutu, ta zana mini gida-gida a littafi, muka ƙago alamominmu: da'ira ruwa ke nan, kara iska, ɗigo uku hadarin da ya watse. Da aka yi ruwan fari kowa ya ɗauki sungumi. Ni na duba kwalba, na ga bai kai gaɓar yatsa ba, na ce wa maƙwabcina Cindo mu dakata. Waɗanda suka shuka, irinsu ya ƙone a ƙasa.

Daga nan aka fara. Cindo ya baza cewa littafina cike yake da hatimi. Wanda ya gan mu muna tsintar ganye da saɓar maciji ya ƙara nasa gishirin. Har wani makiyayi ya zo daga wajen Maigatari da zakara, wai in duba masa inda saniyarsa ta shiga. Ba zan ɓoye maka ba, na ce ni ba mai duba ba ne, amma ban ɗaga murya ba, zakaran kuma mun ci shi. Ni da a da ba a neman ra'ayina a dandali, sai ga shi ana shimfiɗa mini buzu.

Bana ruwa ya makara, magana ta juye. Yanzu wai kwalbata ce ta ɗaure shi. Uban yarinyar, ɗana na fari wanda ba zan kama sunansa ba, ya zo ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce in ban fasa kwalbar ba, zai kai Safara'u wajen gwaggonta a Gumel, kada a laƙaba mata jikar boka. Na shiga yaƙi da jahilci, na fito da sarautar bokaye. In na fasa, me zan ce wa Safara'u? In na ƙi, da wa zan bi hanyar gona?

Tsoho Mai Kwalba

AMSA

Baba, sannu da ƙoƙari. Rubutunka ya fi na wasu da suka gama aji bakwai.

Amma bari in faɗa maka mai ɗaci. Cindo ne ya ɗinka maka rigar bokanci, kai kuma ka gwada ka ga ta yi maka daidai. Ɗanka bai yi laifi ba. Mutanen da suka ga farin shekarun nan suka binne dabbobinsu, in sama ta yi shiru dole su nemi wanda za su ɗora wa, kuma suna irin wannan yakan bi 'ya mace har girmanta.

Duk da haka kada ka fasa kwalbar, kada ma ka matsar da ita. In ka fasa yau aka yi ruwa jibi, to ka tabbata boka, ko limamai goma ba za su wanke ka ba.

Ranar Juma'a ka ɗauki littafin ka kai gaban liman da mai gari, malamin makarantar yana wurin. Ka fassara alamomin ɗaya bayan ɗaya, da irin muryar da ta ƙi fita ranar zakara. Ka ba Cindo tasa kwalbar, a kafa wata a makaranta. Abin da ke bayan gidan kowa ba ya zama asiri. Makiyayin nan kuwa ka neme shi a kasuwar Maigatari ka biya shi zakaransa, ka ce ba ka san komai a kan saniyarsa ba. Buzun dandali zai tafi, sai haƙuri.

Saura ɗanka. Ya san yawon nan ne daga bakin mutane kawai, kuma ina zaton kunyar ɗan fari ba ta taɓa barinka ka zaga da shi kana nuna masa itatuwa ba. Kafin ya yanke maganar Gumel, ka aika Safara'u ta gayyato shi ya bi ku hanyar gona la'asar guda. Ba sai ka kira sunansa ba. Ka shiga gaba, ka bar su a baya, ita za ta yi masa bayanin a madadinka.

Allah ya ba ku damina mai albarka, ya bar ku tare.