Na'urar Febi a Gonar Doya

Angwan Iya, Keffi
Afrilu

Baba,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kai da Mama kuna lafiya. Tunda waya ba ta kamawa sosai a wajenku, na ga gara in rubuto.

Alfarma nake nema. Binciken digirina na uku ya kai inda sai da gona. Akwai wasu ƙananan ƙwayoyi, ido ba ya ganinsu, da ke sauko mana daga can sararin samaniya dare da rana. In sun tarar da ƙasa a bushe, da yawansu sukan dawo sama. In da danshi, ruwan ya riƙe su. Ni da malamina mun haɗa na'urar da ke ƙirga masu dawowar, ta haka za mu san yawan ruwan da ke cikin ƙasa ba tare da an tona ba. Sai ta yi damina guda cur a wuri ɗaya. Ka yarda in kafa ta a gonarka ta doya?

'Yarka,
Febi

Agwada
Agusta

Febi 'yata,

Muna gaishe ki. Tun da kuka kafa abin nan yana tsaye ƙalau, kullum ina share ciyawar gindinsa. Amma magana ta taso. Ɗan Wilson maƙwabcinmu ya ce ya ji sunan sashenku a jami'a, wai nukiliya, irin na bam. Kafin mako ya zagayo gari ya ɗauka. Na kai sabuwar doya kasuwa, Sale da ya saba saye a wurina shekara da shekaru ya ce, "Malam Natan, ka yi haƙuri, ba zan kai wa mutane guba ba." Haka na dawo da ita. Mamarki ko zumuntar mata ta coci ta daina zuwa.

Mai unguwa ya kira taro ran Lahadi bayan sujada, ana so a tuge na'urar. Ki faɗa mini gaskiya, kada ki ji nauyina: tana cutarwa?

Mahaifinki,
Natan

Angwan Iya, Keffi
Agusta

Baba,

Ina gaishe ku. Na karanta wasiƙarka, na kasa cin abinci. Ba ta cutarwa, Baba. Ba ta fitar da komai, saurare kawai take yi. Ƙwayoyin da take ƙirgawa suna sauka a kan Agwada tun kafin a haifi kakanmu.

Duk da haka ka bari a cire ta. In an cire, aikin bana ya tashi a banza, sai in sake daga farko baɗi, in malamina ya yarda. Gara wannan da a ƙaurace muku a garin da kuka tsufa. Zan zo da mota ran Litinin in kwashe kayana. Ka ba Mama haƙuri.

Febi

Agwada
Agusta

'Yata,

Gaisuwa. Kada ki wahalar da kanki da mota. Na ba direban da ya kawo wasiƙarki wannan amsar don ta riske ki da wuri.

Ban jira Lahadi ba. Jiya Asabar na roƙi mai unguwa da dattawa suka biyo ni gona. A gabansu na tone kunyar doyar da ta fi kusa da na'urar, na hura wuta na gasa doyar. Na ce, "Yarinyar nan a gabanku ta girma. Wa ta taɓa yi wa ƙarya a cikinku?" Na ɓare na ci. Sai ga Mamarki, ban ma san ta biyo mu ba, ta fito da manja da gishiri daga jakarta, ta zauna ta ci fiye da ni.

Mai unguwa ya dube mu, ya ce, "To Natan, rowa za ka yi mana?" Ya miƙo hannu. Wilson bai ci ba, amma bai hana kowa ci ba. An fasa taron. Ki ci gaba da aikinki.

Natan

Angwan Iya, Keffi
Maris

Baba,

Gaisuwa da murna! Jiya na kare bincikena a gaban malamai, na ci. Farfesan da aka gayyato daga wata jami'a ya tambaye ni inda na samu lissafin damina guda ba giɓi ko na kwana ɗaya. Na ce a gonar mahaifina. Za a buga sakamakon a mujallar masana, kuma sunan Agwada na cikin kan maganar. Bikin yaye mu wata mai zuwa ne, an ba kowa kujeru biyu na iyaye.

Taka har kullum,
Febi

Agwada
Maris

Dakta Febi,

Mun gode wa Ubangiji. A tsaye na fara karanta wasiƙarki, da na kai wurin sunan garinmu sai da na nemi wurin zama. Fasto ya sa na sake karanta ta a coci.

Ki koma ki gaya musu kujeru biyu ba za su isa ba. Mun riga mun yi shatar bas.

Mahaifinki,
Natan