Maganar Balbela da Injinta

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu ma nan lafiya, sai godiya. Gwiwar nan tawa dai tana nan da halinta, in na zauna ta yi shiru, in na tashi ta kama tsegumi. An gyara rufin ɗakin baya, matar ƙanenka ta sauka lafiya, an sami namiji. Tela maƙwabcina ne ke rubuta mini wannan, na kuma gargaɗe shi kada ya sassauta ko kalma ɗaya, don na san halinsa na son sulhu. Duk abin da ka karanta, daga bakina ya fito.

To, Manaja, tunda haka ake kiranka a can, ga abin da ya sa na aiko. Ka buga wa 'yarka waya ka ce ta tattara kayanta kafin ƙarshen wata, wai ka samo mata kujera a ofishin abokinka. A tsakar gidana ta amsa wayar, ina zaune kusa da ita har ina jin muryarka, amma ba ka ce a miƙa wa tsoho ku gaisa ba. Yarinyar da ka ajiye mini tun tana rarrafe, ni da marigayiya uwarka muka yi ta fama da ita, ni na raɗa mata Balbela saboda siraran ƙafafunta, yau ita za ka ɗauke da waya kamar wanda ya aiko a karɓo masa takalmi a wurin gyara? Ta ce maka to. Ta shiga ɗaki ta sauko da akwati, ba ta ci abinci ba ranar.

Na san inda maganar ta fito. Ƙanwarka ce, mai bakin nan da ya fi reza kaifi. Ta zo ta leƙa sau ɗaya, ta gan ni zaune kan kujera 'yar tsugunno kusa da soket, ko ruwa ba ta sha ba ta fita, ta je ta ce maka jika ta mai da kakanta bara, kuma tana yi wa mutanen da ba ta sani ba aikin banza kyauta. Kai kuma ka hau ka zauna. Haka kake tun kana yaro, maganar kowa tana shiga kunnenka sai tawa. Ban manta ranar da ka ce wa abokanka babanka ɗan kasuwa ne ba, don kana jin kunyar ka ce mai gyaran keke ne. Da kuɗin facin taya ka yi karatun da kake taƙama da shi.

Bari in gaya maka aikin, tunda ba ka tambaya ba. Ni ban yi boko ba, amma ina da kunne, kuma ta yi mini bayani har na gane. Akwai wata manhaja da take kira rumbun bayanai, wadda ke zaune cikin kwamfuta guda tana ajiye wa mutane abin da suka rubuta. Ta ba ni misali da ɗakin shan magani: sunayen marasa lafiya a jeri ɗaya, magungunansu a wani jerin, lamba ce ke ɗaure wannan da wancan. Manhajar ba ta kowa ba ce, a buɗe take, duk mai iyawa zai leƙa cikinta ya gyara, sai dai akwai manya da ke duba gyaran kafin su karɓa. Balbela ta gano cewa idan wuta ta ɗauke daidai lokacin da injin ke rubutu, wani sa'in in ya farfaɗo sai ya ce komai lafiya, alhali ɗaurin ya tsinke, magani na nan amma babu mai shi. Maƙaryacin inji ke nan, kuma ka san ba na shiri da maƙaryaci.

Ta rubuta wa manyan nasu. Suka amsa cewa su a wurinsu ba su ga haka ba, sai ta nuna musu yadda za su sa abin ya faru a gabansu. Wani ma cewa ya yi ƙila injinta ne tsoho. Da ta karanta mini, na ce ta ba ni lambarsa in gaya masa abin da ake kira tsoho, ta yi dariya ta hana. Amma a raina na san wannan ciwon. Sau nawa mutum ya kawo mini keke ya rantse yana ƙara, in hau in zagaya unguwa shiru kamar an yi ruwa an ɗauke, yana karɓa ya bar shago ƙarar ta dawo. Cutar da ke ɓuya in ta ga mai magani ita ce mugunyar cuta.

To ta yaya za a kama ta? Sai a ɗauke wutar da gangan. Ita tana gaban allo tana tura wa injin rubutu kamar ruwan sama, dole wani ya riƙe fulogi ya zare da zarar ta ce yanzu. Na ji ta tana neman wanda zai taimaka, ni na ce ga ni. Ba ta sa ni ba, har cewa ta yi in bari saboda gwiwata, na ce ai ba da gwiwa ake zarewa ba. Ni da na zane ku kuna yara saboda wasa da soket, ga ni da furfurata ina zare fulogi ina mayarwa tun hantsi har azahar, kullum. In na makara ta ce Kaka ka yi barci ne, in na yi sauri ta ce wa ya aike ni, ni kuma in ce mata kakarta ma ba ta juya ni haka ba. Babban yatsana har ya yi kanta. Muka yi ta yi, injin yana farfaɗowa lafiya kamar yana mana gwalo, sai wata rana dab da azahar ta yi tsalle har ta ture kofin shayina. Ɗaurin ya tsinke a gabanmu. Daga nan ta gane a wace gaɓa yake yi, har ta iya sa shi ya maimaita duk lokacin da ta so.

Kada ka ɗauka manyan nan sun ba ni haƙuri. Wanda ya zagi injinta cewa kawai ya yi yanzu ya gani. Ta aika musu gyara, suka dawo da shi da jan biro, wai ya toshe ramin amma ya sa injin nauyi. Ta sake, suka sake dawowa da shi kan wani abu. Ni na cika fam, na ce mutanen nan ba su da ta ido. Ita kuwa ta ce haka tsarin yake, ko gyaran babbansu sai an yi masa wannan dukan, tunda rayuwar mutane ce za a ajiye a ciki. Har yanzu ina jin haushinsu, amma yanzu da sunanta suke kiranta, kuma sun ce ita suke jira. Saura ƙiris, shi ne kai kuma ka buga waya.

Ka ce aikin kyauta ne. Rijiyar da ka sha kana yaro, nawa ka biya wanda ya haƙa ta? Ban ce kada ta yi aikin albashi ba, ba ni zan riƙe ta har abada ba, kuma ba don in sami mai dafa mini shayi nake wannan faɗa ba, ko da yake na san abin da ƙanwarka za ta ce ke nan. Amma ofishin abokin nan naka, ita da bakinta ta ce daga safe sai magariba ne, kuma injin gwajin ba zai shiga akwati ba. In ta tafi yanzu, wani zai ƙarasa ya sa sunansa, ko a bar ramin a buɗe. Wanda ya yi noma shi ya kamata ya yi girbi. A gidana ba a barin keke a kife, taya a ƙasa, a ce an tashi aiki.

Yarinyar nan ba za ta yi maka musu ba, don ni na rene ta, ban koya mata haka ba. Ba ta ma san ina aiko da wannan takarda ba. Kai ka ba 'yarka umarni, ta ce to. Yanzu ni ma ga nawa umarnin ga ɗana: ranar da ka karanta wannan, ka kira ta ka ce ta mai da akwatin saman kabad, ta zauna sai an karɓi gyaranta. Bayan nan ka zo da ƙafarka, mu zauna mu uku, a tambaye ta abin da take so. Zan ga ko tarbiyyar da na ba jika ta fi wadda na ba ɗa.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka, ita ba ruwanta, Allah Ya yi mata albarka. Ka gaishe da Dogo da 'yan biyu da Auta, ka ce Kaka yana sa musu albarka. Ƙanenka da mai jego suna gaishe ku. Tela ma ya ce in sa gaisuwarsa, yana kuma cewa in rage zafi, na ce ya rubuta abin da aka sa shi. Ƙanwarka kuwa, in kun yi waya, ka ce mata ƙofata a buɗe take, amma ta zo da kunne ta bar bakin a gida.

Wassalam. Ni ne mahaifinka, wanda har yanzu yana da rai kuma yana jiran wayarka.