A Bar Mu Mu Duba Aikin Juna Ba Suna

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfaninmu na haɗa manhaja, Kazaure.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni ce Rabi 'yar Roni, ɗaya daga cikin mu biyar masu rubuta manhajar 'yan kasuwar hatsi. Cikin murna nake rubuto maka, don manhajar ta karɓu har Babura. Sai dai takardarka ta ranar Litinin, wadda ta ce kowa ya riƙa sa sunansa a kan aikinsa kafin a duba, ta tsaya mini a rai.

Na farko, ba ka san abin da ya faru a Gwiwa ba. Babbanmu Malam Sabo, wanda ya koya wa uku daga cikinmu wannan sana'a, ya tsara manhajar tana auna hatsi da kilo. Mu huɗu duk mun gani, kuma duk 'ya'yan manoma ne, mun san da kwano da buhu ake ciniki. To amma wa zai dubi malaminsa ya ce masa ya yi kuskure? Da aikin ya zo hannuna, na rubuta cewa ya yi kyau. Ranar kasuwar Gwiwa muka kai manhajar gwaji a waya. Dillalan gero suka yi ta miƙa wa juna wayar suna dariya, wani dattijo ya tambaye ni ko nama muka zo sayarwa. Kunya ta kama ni kamar in nutse, kuma sai da muka ci mako uku muna gyara.

Na biyu, Malam Sabo da kansa ya kawo maganin. Ya ce kowa ya tura aikinsa ba suna, a rarraba, kowa ya duba na wani. Wallahi tun daga ranar bakinmu ya buɗe. Kuskure ba ya kwana, aikin mako yana ƙarewa tun Laraba, ofis kuma ya cika da raha.

Na uku, makon jiya na samu wani aiki na yi masa gyara wuri tara, har da tsiya a gefe cewa mai shi ya koma aji ɗaya. Ashe na Malam ne. Shi ya tona kansa yana dariya, ya sa mini albarka, na wuni ina ɓoye fuska a mayafi. Duka taran ya gyara.

Na san so kake ka gane mai ƙoƙari, kuma da gaskiyarka. Roƙona shi ne a sa sunan bayan an gama dubawa. In an sa tun farko, ba zan ɓoye maka ba, ranka ya daɗe: na san kaina, duk abin da Malam ya rubuta zan ce ya yi kyau.

Allah ya ƙara maka basira da lafiya, ya ɗaukaka kamfanin nan.

Wassalam.
Rabi, Roni.