Tirelar Ousseini a Bayan Gida

Asabar, 4 ga Satumba 2004

Yau na jawo tirelar ɗan'uwana Ousseini, irin mai tanti da ake zuwa hutu da ita, daga Glenwood zuwa nan McLeansville. Mai gidan da yake haya ya ce a kwashe komai daga harabar gidan. Idan an naɗe ta kamar akwati take a kan taya biyu, wanda bai sani ba ba zai ce mutum shida na kwana a ciki ba. Na ajiye ta ƙarƙashin bishiyar bayan gida. Matata Hindou ta leƙo ta tagar kicin ta ce, "Malam, har yaushe?" Na ce sai mai ita ya dawo daga Nijar. Wata uku ya ce, da zarar jikin Inna ya yi sauƙi.

Laraba, 8 ga Satumba

Ruwa tun jiya. Bai tsaya ba.

Lahadi, 12 ga Satumba

Ruwa ya kwanta a kan rufinta kamar tafki, ganye ya cika shi. Ina tsaye ina kwalfewa da roba sai ga Longji, maƙwabcinmu mutumin Filato, ya tsallako shinge. Ya ce tasa ta farko haka ta ruɓe masa. Muka tura ta fili, nesa da bishiya. Muka danne tayoyin da bulo, na juya jak ɗin gaba, ƙarfen ɗaga ta, har hancinta ya ɗaga sama kaɗan. Nan take ruwan ya gangara ta baya, shaa. Ya ce kada in ɗaure tamfol har ƙasa, in bar wa iska hanya, in ba haka ba fumfuna za ta cinye tantin.

Wannan ƙarar ruwan. Sai na ga Baba a kan soronmu na Damagaram, kafin damina, yana yaɓe, yana gyara bakin indararo. Ni da Ousseini muna miƙa masa laka. Da ruwan fari ya sauka mu ne a ƙarƙashin indararon, ba riga, muna ture juna.

Ban gaya wa Longji ba. Na dai yi masa godiya.

Juma'a, 15 ga Oktoba

An ɗauki azumi. Na sayi katin waya na kira Ousseini. Inna ta samu sauƙi, alhamdu lillahi. Bizar dawowa ce ta ƙi. Ya ce zai sake nema. Ya tambayi tirela kafin ya tambayi yara, muka yi ta dariya.

Lahadi, 14 ga Nuwamba

Sallah. Bara war haka duk muna tare. Bayan azahar na zagaya na share mata ganye, na taɓa tamfol. A bushe. Na daɗe a wurin. Shekara huɗu muna jan ta zuwa bakin tafki duk bazara, iyalinsa a gado ɗaya, nawa a ɗaya, mu biyu a waje kan tabarma muna gardamar wanda zai riga komawa gida. Kullum ni nake cewa ni ne.

Asabar, 22 ga Janairu 2005

Ƙanƙara ta narke ta bi ta baya, ba ta kwanta ba. Ɗiyata Chamsiya ta ce da Turanci wai tirelar kamar tana kallon sama tana jiran jirgi. Yarinyar nan.

Asabar, 19 ga Maris

An sake hana Ousseini biza. Matarsa da yaran za su bi shi idan an rufe lekol, yaran sun samu hutu. Ya sayi fili a bayan gidan su Inna, har an fara buga bulo. Muryarsa ba irin ta mai baƙin ciki ba ce, abin da ya fi damuna ke nan. Ya ce, "Hamidou, ka buɗe abin nan ka kai yara. Ba don ajiya na saye ta ba." Na ce amana ce. Ya ce, "To na sauke maka." Katin ya ƙare kafin in amsa.

Ban ci tuwon Hindou ba. 

Asabar, 16 ga Afrilu

Na buɗe ta, don ta sha iska kawai. Ina juya hannun ƙarfen rufin na tashi. Ba ɗigon ruwa ko ɗaya a ciki. Tantin lafiya lau, sai ɗan wari a lungu guda, na wanke na bar shi a rana. Warin turarensa na nan a labule. Na zauna a bakin gadon har Hindou ta kira ni la'asar.

Lahadi, 29 ga Mayu

Mun dawo daga tafki. Kwana biyu. Yara ne suka matsa, ba ni ba. Gado ɗaya zai zauna ba kowa, shi ya sa na ce wa Longji su zo da matarsa Angelina. Mutumin nan surutu gare shi, kuma bai iya kama kifi ba. Na dafa shayi da safe, ya kurɓa ya yamutsa fuska, wai mu mutanen Nijar sukari muke sha da ɗan ruwa. Da Ousseini ne, cewa zai yi in ƙara sukarin.

Mun bar tantin ya bushe kafin mu naɗe. A gida na ɗaga hancinta, na sa bulo.

Longji ya tambaya ko za mu koma a Yuli. Na ce sai na gani. Zagaye na biyu na shayin dai na rage masa sukarin.