Ruwan famfo ranar Alhamis

Yaya Rabi,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kuna lafiya, ke da Malam da yara. Ƙafar Inna ta daina kumbura?

Aikinmu a kamfanin haƙar yuraniyom ya canza. Da, in ƴan jarida sun zo Arlit, shayi nake ba su, in zagaya da su asibitin kamfani, su koma Yamai da murna. Yanzu kowa da kamara a wayarsa, wasu har da na'urar awon ruwa. Sabon shugabanmu, wani Bature da muke ce wa Mushe, ya ce zamanin ɓoye-ɓoye ya wuce. Dabararsa ita ce ranar Alhamis in sha ruwan famfon gari a gabansu don a ga ba shi da guba, wai ni ƴar ƙasa ce, za a fi yarda da ni.

Na ce, "Mushe, in ga sakamakon awon tukuna." Ya ce sakamakon yana hanya, yana faɗa yana buɗe ruwansa na kwalba.

Ban amsa ba tukuna. In na ƙi, akwai masu jiran kujerata. Ki ce Inna ta sa ni a addu'a, ki gaida Kawu. Batun zuwan ɗiyarki Nana hutu kuwa, ki riƙe ta wajenki bana.

Ƙanwarki,
Hadiza